RUMBUN TASWIRORI: YADDA MANYAN MA'AIKATU KE ADANA FASALIN MANHAJOJINSU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake gina babban bene, ba zai rasa ganin wani mutum da ke kai da kawowa da naɗaɗɗiyar takarda a hammata ba. Birkila kan zo ya tambaye shi, kafinta ma haka, mai jan wayar lantarki da mai haɗa famfo duk sukan zo, kuma amsar kowannensu daga jikin takardar nan take fitowa. Wannan takarda ita ce taswirar ginin. Ko bayan an gama aiki an tare, amfaninta bai ƙare ba, domin ranar da mai gida ya so ya fasa bango ya fitar da sabuwar ƙofa, ita ce za ta gaya masa ko akwai bututun ruwa a ciki, ko kuwa bangon ne ke ɗauke da nauyin hawa na sama. Idan ta ɓata, sai lalube, shi kuwa mai lalube da guduma a hannu ba ya rasa yin ɓarna.

Manyan ma'aikatu na wannan zamani, kamar bankuna da jami'o'i da kamfanonin jiragen sama, suna zaune ne a cikin wani irin gini da ido ba ya gani. Tubalan wannan gini su ne manhajojin kwamfuta, wato jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta gudanar da wani aiki. Babban banki guda na iya mallakar ɗaruruwan manhajoji, waɗanda mutane daban-daban suka rubuta a tsawon shekara talatin ko arba'in. Wasu daga cikin marubutan sun yi ritaya, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Wannan maƙala za ta duba inda ake ajiye taswirar irin wannan gini, da abin da kan faru idan ba a ajiye ta ba, da kuma darasin da aka koya daga babban yunƙurin da kamfanin IBM ya yi a 1989.

Mece ce Taswirar Manhaja?

Bari mu ɗauki misalin wata jami'a mai manhajoji uku: ta ofishin rajista, da ta ofishin kuɗi, da ta laburare. Wata rana sai shugaban jami'ar ya nemi a gaya masa yawan ɗalibansa, aka kawo masa amsa uku mabambanta. Da aka bincika, sai aka tarar babu wanda ya yi ƙarya. A wurin ofishin rajista, ɗalibi shi ne duk wanda aka ba gurbin karatu. A wurin ofishin kuɗi, sai wanda ya biya kuɗin zangon bana. Laburare kuwa yana ƙirga duk mai katin aron littafi, har da waɗanda suka kammala bara ba su mayar da katin ba. Kalma ɗaya ce, amma kowace manhaja da ma'anar da aka gina ta a kai.

Taswirar manhaja ita ce rubutaccen bayani, sau da yawa haɗe da zane, wanda ke fayyace irin waɗannan abubuwa tun kafin a fara rubuta umarni. Takan nuna abubuwan da ma'aikata ke ajiye bayani a kansu, da matakan da aiki ke bi daga tebur zuwa tebur, da ƙa'idojin da ba a tsallakewa, misali cewa ba a ba ɗalibi ɗakin kwana sai ya biya kuɗin makaranta. Har ila yau, takan nuna wace manhaja ce ke rubuta wane bayani, wace ce kuma ke karanta shi.

A 1976 wani masani haifaffen Taiwan mai suna Peter Chen ya wallafa wata hanyar zana irin wannan taswira da har yau ake koyarwa a jami'o'i. Ya kasa komai gida uku: abu, kamar ɗalibi ko darasi, siffar abu, kamar suna ko ranar haihuwa, da dangantakar da ke tsakanin abubuwa, kamar cewa ɗalibi yana ɗaukar darasi. Abu akan zana shi a cikin akwati, dangantaka kuma a cikin akwatin da aka tsayar a kan kusurwarsa, sa'annan a ja layi a haɗa su. A 1987 kuma John Zachman na kamfanin IBM ya yi nazarin yadda magina da masu ƙera jiragen sama ke aiki, ya nuna cewa taswira ɗaya ba ta wadatarwa, domin abin da mai gida ke son gani daban yake da na mai zane, na mai zane kuma daban da na magini. Ke nan babbar ma'aikata na iya tara dubban zane-zane, kuma a nan matsalar ajiya take farawa.

Rumbu da Abin da Ke Cikinsa

A farkon zamanin kwamfuta, kowace manhaja da nata fayil take tafiya, kuma ita kaɗai ta san yadda aka jera abin da ke ciki. An ƙirƙiro rumbunan bayanai na farko a shekarun 1960, amma sai gwani ne ya san hanyar da zai bi ya ciro abu daga cikinsu. A watan Yuni na 1970, Edgar Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki a ɗakin binciken IBM na San Hose a jihar Kalifoniya, ya wallafa maƙalar da ta sauya al'amarin. Shawararsa ita ce a riƙa zuba bayanai a cikin jadawali: kowane layi ya wakilci abu ɗaya, kowane gurbi a layin ya ɗauki siffa ɗaya, sa'annan a ƙulla jadawali da jadawali ta hanyar lambar da suka yi tarayya a kanta. Mai tambaya zai faɗi abin da yake nema ne kurum, na'ura ta nemo hanyar da kanta. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Turing a 1981, kuma a 1983 IBM ya sanar da DB2, rumbun da aka gina bisa wannan tsari domin manyan kwamfutocinsa.

Daga nan sai wata dabara ta faɗo wa masana. Idan rumbu zai iya riƙe sunayen dubban ɗalibai, me zai hana shi riƙe taswirar kanta? Sai a buɗe jadawali ɗaya a jera dukkan abubuwan da ma'aikata ta sani, wani a jera siffofinsu, wani a jera manhajoji, wani kuma a rubuta wace manhaja ke taɓa wace siffa. Irin wannan shi ake kira bayani a kan bayani, kuma rumbun da ke ɗauke da shi ne muka raɗa wa suna rumbun taswirori.

Masana sun tsara abin hawa huɗu. A hawa na ƙasa akwai ainihin bayani, misali cewa ɗaliba mai lamba 417 tana aji biyu. Hawa na biyu shi ne taswira, wadda ke cewa kowane ɗalibi yana da lamba da suna da aji. Hawa na uku yana fayyace kalmomin da ake zana taswira da su, wato mene ne abu, mece ce siffa, mece ce dangantaka. Hawa na huɗu kuwa shi ne ƙa'idar da ake bi wajen ƙirƙirar irin waɗannan kalmomi. Ɗalibin harshe zai ga kama da nasa fagen: akwai magana, akwai nahawun da ke bayyana maganar, akwai kuma kalmomin da ake bayyana nahawun da su. Hukumar daidaita ma'auni ta Amurka, ANSI, ta amince da wani tsari mai irin wannan hawa huɗu a 1988, wanda aka fi sani da IRDS.

Amfanin Tara Su Wuri Guda

Amfani na farko shi ne a rubuta ma'anar kowane abu sau ɗaya tak. Idan jami'ar da muka ambata ta zauna ta yanke cewa akwai wanda aka ba gurbi, akwai kuma ɗalibi mai rajista, ta ba kowanne sunansa a cikin rumbu, to duk wanda zai rubuta sabuwar manhaja daga nan zai ɗauko, ba daga kansa ba.

Na biyu, wanda shi ne ya fi muhimmanci, shi ne amsa tambayar mai gudumar nan: idan na taɓa wannan, me zai motsa? A ce an yanke shawarar ƙara tsawon lambar ɗalibi daga gurbi shida zuwa takwas. Da yake rumbu ya san kowace mahaɗa, cikin ɗan lokaci zai jero duk jadawali da fom da rahoto da manhajar da ke amfani da lambar. Zane a kan takarda ba ya iya wannan, domin takarda ba ta amsa tambaya.

Na uku, rumbu kan tsara aikin mutane da yawa. Idan wani ya ɗauki wani yanki na taswira zai gyara, rumbu kan sa masa alama domin kada wani ya yi gyara a kan gyaransa, kuma yakan ajiye tsohon fasali tare da sunan wanda ya sauya shi da ranar da ya sauya. Na huɗu, daga cikakkiyar taswira na'ura na iya fitar da wani kaso na umarnin da kanta, musamman wanda ke gina jadawali da fom.

Sai dai tara komai wuri guda yana da nasa haɗarin. Rumbun da ya san sirrin ma'aikata baki ɗaya abin kwaɗayi ne ga ɓarawo, kuma idan ya lalace aikin kowa ya tsaya. Saboda haka dole a iyakance masu shigarsa, a kuma riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri daban.

Ranar da Aka Nemi Taswira Aka Rasa

Babu abin da ya nuna wa duniya tsadar rashin taswira kamar matsalar shekarar 2000. A shekarun 1960 da 1970 wurin ajiya a kwamfuta yana da tsada ƙwarai, kuma katin kwali mai huji da ake shigar da bayani da shi gurbi 80 kawai gare shi. Don haka marubuta manhaja, musamman masu amfani da harshen COBOL wanda aka ƙirƙira a 1959, sukan rubuta shekara da lamba biyu, wato 75 a maimakon 1975. Ba su zaci aikinsu zai kai ƙarshen ƙarni ba, sai ga shi ya kai. Da zarar an shiga 00, na'ura na iya ɗauka 1900 ce, lissafin bashi da fansho da shekarun haihuwa duk ya rikice.

Gyara wuri ɗaya ba wuya: a faɗaɗa gurbin, ko a koya wa manhaja yadda za ta gane ƙarni. Wuyar aikin ita ce gano wuraren. Wani marubuci ya kira gurbin da sunan shekara, wani ya gajarta sunan, wani ya cusa shekarar a tsakiyar lambar rasit. Ma'aikatu da yawa sai da suka fara da ƙirga manhajojinsu, domin ba su ma san yawansu ba, sa'annan aka bi miliyoyin layukan umarni ana tacewa, har aka kirawo tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya. Ma'aikatar Ciniki ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙasar kaɗai ta kashe kimanin dala biliyan 100 a kan wannan gyara. Ranar 1 ga Janairu, 2000 ta zo ta wuce ba tare da wani babban bala'i ba, saboda an yi aikin, amma an ɗanɗana kuɗar fafe gora ranar tafiya.

Irin wannan tambaya ta taɓa tasowa a Nijeriya. A 2010 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin NUBAN, wanda ya wajabta wa kowane banki mayar da lambar asusu ta zama mai gurbi 10, tara na asusun, na ƙarshe kuma na tantancewa, wanda ake samowa ta hanyar lissafi domin kama kuskuren mai bugawa. Kafin nan kowane banki da irin tsawon lambarsa. Umarnin gajere ne, amma kowane banki sai da ya binciko duk inda lambar asusu ke shiga, tun daga takardar cek har zuwa na'urar cirar kuɗi.

Babban Yunƙurin IBM

Shekara goma kafin rikicin 2000, kamfanin IBM ya riga ya yi yunƙurin magance matsalar daga tushe. A lokacin an cika kasuwa da manhajojin zana taswira, amma kowacce da irin ma'ajiyarta, kuma zanen da aka yi da wannan ba ya buɗuwa a waccan. A watan Satumba na 1989 IBM ya sanar da wani shiri mai suna AD/Cycle, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Bachman Information Systems da Index Technology da KnowledgeWare. Zuciyar shirin ita ce wani rumbu mai suna Repository Manager, wanda aka ɗora a kan DB2 a cikin babbar kwamfuta. Burin shi ne kowace manhajar zane, ko ta wane kamfani ce, ta zuba aikinta a wannan rumbu, tun daga tsara manufa har zuwa gwaji da gyara.

An yi ta yayata shirin, amma ba a kai tsakiyar shekarun 1990 ba sai da aka jingine rumbun. Dalilan suna da yawa. Na farko, an so a fayyace kowane irin abu da ma'aikata za ta iya zanawa a cikin tsari guda, sai tsarin ya yi ta kumbura ya ƙi kammaluwa; Hausawa na cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Na biyu, rumbun yana da nauyi da tsada da jinkiri. Na uku, an kafa shi a kan babbar kwamfuta daidai lokacin da duniya ke komawa ga ƙananan kwamfutocin kan tebur da ake haɗawa da waya.

Akwai kuma wani dalili da ya addabi kusan duk kayan zane na wancan zamani, wanda ya shafi halin ɗan Adam. A ce manhajar biyan albashi ta tsaya da tsakar dare, ga shi gobe ƙarshen wata. Ma'aikacin da aka tasa daga barci zai shiga cikin umarnin kai tsaye ya gyara, ya ce gobe zai gyara taswira. Goben ba ta zuwa. Bayan shekara biyu an yi irin wannan sau ɗari, sai taswira ta riƙa faɗin abu ɗaya, manhaja na yin wani. Taswirar da ta daina faɗin gaskiya kuwa ta fi rashin taswira haɗari, domin mai guduma zai amince da ita ya fasa bangon da ke ɗauke da bene.

Abin da Ya Tsira

Rumbun IBM ya faɗi, amma dabarar ta rayu a hannun waɗanda suka toshe wannan ƙofa. Kamfanin SAP na Jamus, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972, ya fitar da R/3 a 1992 domin gudanar da harkokin kuɗi da kaya da ma'aikata na manyan kamfanoni. A cikinsa, ma'anar jadawali da fom da umarnin manhaja duk a cikin rumbun bayanai suke zaune. Mai son buɗe sabon jadawali, ta ƙamus ɗin rumbun zai bi ya bayyana shi, daga nan ne na'ura za ta gina shi. Idan ya sauya tsawon wani gurbi a ƙamus, sauyin zai bi duk jadawalin da suka dogara da shi, kuma yana iya neman jerin duk wuraren da ake amfani da gurbin. A nan taswira ba ta da damar tsufa, domin da ita manhajar ke aiki.

Masana sun bambanta iri biyu. Akwai rumbu na gefe, wanda sai mutum ya tuna ya je ya rubuta abin da ya yi. Akwai kuma rumbu na kan hanya, wanda aiki ba ya yiwuwa sai an ratsa ta cikinsa. Na farko yakan fara da kyau ya ƙare da ƙura, na biyu ne ke ɗorewa.

An kuma ci gaba ta fuskar harshen zane. A 1997 ƙungiyar OMG, wadda kamfanonin kwamfuta suka kafa a 1989, ta amince da UML, hanyar zane ta bai ɗaya da Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka jagoranci haɗawa, tare da MOF, wani tsari mai hawa huɗu na bayyana taswirori. A yau kuma ma'aikatu da yawa sun daina neman rumbu ɗaya da zai haɗiye komai. Wasu kan rubuta taswira da kalmomi su ajiye ta kusa da umarnin manhaja a cikin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin bin sawun kowane sauyi. Wasu kuma kan sa na'ura ta riƙa zagaya rumbunansu tana tattaro fasalinsu na gaskiya zuwa kundi guda, maimakon a jira mutum ya tuna.

Kammalawa

Mun ga cewa babbar ma'aikata na buƙatar wuri guda da za a rubuta ma'anar kowane abu, a kuma ƙulla shi da duk abin da ya dogara da shi. Mun kuma ga cewa gina wurin bai wadatar ba, sai an sa shi a kan hanyar da aiki ke bi kullum.

Malamai na iya gwada wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. A raba ɗalibai rukuni uku, a ba na farko rajistar aji, na biyu littafin karɓar kuɗi, na uku takardar sakamakon jarrabawa. Kowane rukuni ya rubuta a kan ƙananan kwalaye abubuwa da siffofin da takardarsa ke ɗauke da su, kwali ɗaya siffa ɗaya. Sai a manna su a allo, a haɗe waɗanda suka zo ɗaya, a ja layi daga kowace siffa zuwa takardun da ke amfani da ita. Daga nan malami ya ce makaranta ta yanke shawarar ƙara gurbi ɗaya a lambar ɗalibi, a bar ɗalibai su bi layuka su ƙirga takardun da abin zai shafa. Bayan mako guda, malami ya ƙara wani gurbi a rajistar aji ba tare da ya taɓa allon ba, sa'annan ya tambaye su wa ya kamata ya lura, kuma wace ƙa'ida za su kafa domin kada hakan ta sake faruwa.